Manmaya da Yarinyar da Ke Ɗaga Hannu

Manmaya Pariyar ba marainiya ba ce, amma a gidan marayu ta girma. Tana 'yar ƙarama wani mutum mai takalmin fata ya hau duwatsu har ƙauyensu, ya ce wa uwarta zai kai yarinyar makaranta a birnin Pokhara. Ashe makarantar wani gida ne inda aka koya mata waƙoƙin coci da Turanci, aka kuma ja mata kunne cewa duk baƙon da ya tambaya, ta ce iyayenta sun mutu.

Baƙi kuwa ba su yankewa. Da damina ta ɗauke sai su iso, samari da 'yan mata daga majami'un ƙasashen Turawa, aljihu cike da alawa. Wata daga cikinsu ta taɓa goya Manmaya, ta taje mata kai, ta ce za ta dawo. Manmaya ta daɗe tana zaman jira a bakin ƙofa.

Ta girma, ta auri wani direban mota, ya rasu bai bar mata ɗa ba. Addinin dai ba ta bari ba, duk Asabar, ranar ibadarsu a can, tana coci, addu'arta kuma har zuci ce. Shi ya sa da Fasto Lokendra ya nemi mai girki a gidan yaran da ya buɗe a gefen gari, ta karɓa. Ta ce a ranta, ko ba komai yaran za su sami mutum ɗaya da ba ya tafiya.

A can ta haɗu da Pabitra, 'yar shekara biyar. Yarinyar nan in ta ga baƙo, ko mai kawo tukunyar gas ne, sai ta ruga ta ɗaga hannuwa a ɗauke ta. Baƙi suna mutuwar son hakan. Manmaya ce kaɗai ke ganin abin da ke biyo baya in sun tafi: Pabitra ta ƙi cin abinci, ta koma fitsarin kwance, ta riƙa cizon sauran yara.

A wata kaka aka zo da wata budurwa daga Ostareliya mai suna Bethany. Ba muguwa ba ce, wannan ma ya fi ɓata wa Manmaya rai. Daga safe har yamma Pabitra na kan ƙugunta. Wata rana Manmaya na tsince shinkafa ta ji ta tana koya wa yarinyar, "Ce Mama. Ma-ma."

Ta aje faifan ta nufi Fasto.

"Fasto, ka tsawata wa baƙuwar nan. Pabitra tana da uwa, ni da kai mun sani."

"Didi, sassauta murya," in ji shi, yana kiran ta Yaya da yarensu. "Mutanen nan su suka yi mana rufin da ke kanmu."

"To don rufi sai a riƙa ba da aron yarinya kamar ludayi?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki. Wa ya ɗauke ki aikin wa'azi?"

Ranar tafiya aka rataya wa baƙi furanni, yara suka yi layi suna waƙa. Pabitra ta ƙanƙame ƙafar Bethany. Matar Fasto ce ta ɓanɓare 'yan yatsunta, ta kai ta ɗakin ajiya ta ja ƙofa, don kada ihun ya ɓata bankwana. Sai ga Bethany ta faɗo ɗakin girki, fuska sharkaf da hawaye, ta buɗe hannu tana jira a rungume ta.

"Anti, ban san yadda zan yi ba. Raina kamar zai fita."

Manmaya ta ja da baya. Turancin da aka cusa mata tun tana yarinya, ranar ya yi mata amfani.

"Ni kike so in lallashe ki? Je ki yi kukanki a mota. Kina sauka uwarki na jiranki a filin jirgi, ki nuna hotuna a coci a tafa miki. Waccan da kike jin tana dukan ƙofa fa?"

"Allah ya sani ina ƙaunarta."

"Na yarda. Wadda ta zo kafin ke ma tana ƙaunarta, da ta gabanta. Kowa ya zo ya ɗana, ya goge hannu ya tafi. Kin taɓa tambaya ina uwarta take?"

Bethany ta yi sororo. "An ce mana ta rasu."

"Tana can ƙauyensu a Myagdi tana fasa dutse."

Ana ta danna oda a waje, baƙuwar ta juya ta fita.

Manmaya ba ta jira a kore ta ba. Ta shiga mota zuwa Myagdi, ta nemo Chandrakala, uwar yarinyar, wadda aka gaya wa cewa ziyara tana hana yara karatu. Suka dawo tare. Fasto ya tare ƙofa yana ta buɗa hanci, amma Manmaya ta ɗaga murya har maƙwabta suka cika layin, dole ya matsa.

Pabitra na ganin sabuwar fuska ta rugo, ta ɗaga hannuwa.

"Anti, ina alawa?" ta ce da Turanci.

Chandrakala ba ta ji kalma ɗaya ba. Ta dubi Manmaya a fassara mata. Manmaya ta kasa. Uwar ta sunkuya ta saɓa 'yarta a kafaɗa, suka fice.

Yanzu Manmaya shayi take sayarwa a bakin tashar mota, cocin da take zuwa kuma yana can ɗaya gefen garin. Masu zuwa daga Myagdi sun ce an sha fama kafin Pabitra ta kira uwarta Ama, wato Mama da yarensu, kuma har yau in baƙo ya ratsa ƙauyen sai an riƙe ta. Shimfiɗar Pabitra a gidan Fasto ba ta daɗe a naɗe ba. Kafin baƙi na gaba su iso, ya samo wata yarinyar daga wani ƙauyen.