Ranar da Na Ja wa Kaka Sanda a Ilo

Shekarar da na shiga aji huɗu, bayan yankan shinkafa, Kawu Bawa ya ɗora bijiminsa a a-kori-kura zai kai kasuwar Ilo, sai Kaka ta fito da mayafinta ta ce da ita za a. A Ilo aka haife ta, aure ya kawo ta Kaoje, kuma tun da yanar ido ta rufe mata gani ko bakin rafi ba ta ƙara zuwa ba. So take ta yi wa mahaifiyarta addu'a a kan kabarinta, wanda ke bayan ɗaki a tsohon gidansu, yadda mutanen da suke binne nasu. Ni aka zaɓa in ja mata sanda, ba don hankali ba, sai don ko an bar ni a gida surutu zan yi, ba sussuka ba.

Da muka sauka Kawu ya nufi kara, wato kasuwar dabbobi, mu kuma muka shiga tsohon gari. Ita ke faɗin hanya, ni ke faɗin abin da ke kanta. Inda ta ce ganuwa, tudun jar ƙasa na gani, awaki na hawa, an ƙwaƙule gefensa ana tubali. Zangon fataken da suke kora jakuna Gwanja su dawo da goro ya zama rumfar jarkokin fetur. Rijiyoyin marina sun cika da leda. Ban iya gyara magana ba, duk abin da na gani haka nake zuba mata, ita kuma sai ta ce "To," mu ci gaba.

Daga ƙarshe ta ce in nemi tsamiya mai rassa biyu, a ƙofar gidansu take. Na same ta, amma a tsakiyar kara, don kasuwa ta cinye unguwar. Ko'ina shanu ne a turke, Fulani sun rataya sanduna a kafaɗa, mutanen Benin suna ciniki da yarensu na Dandanci, ƙudaje kuwa ba a magana. Kaka ta dafa tsamiyar, ta fuskanci gabas, ta yi ta takawa a hankali har ta tsaya gaban wani jan sa.

Wani tsohon dillali ya taso ya ce, "Inna, kauce, wanga sa na da hushi."

Ta ce, "Nan anka bizne uwata."

Sai dillalin ya kwance san, alhali mai saye na cikin taɓa tozonsa, ya ture kashin shanu da takalmi, ya shimfiɗa mata buhu. Ta zauna ta ɗaga hannu, ciniki na ta tafiya a kanta. Da ta shafa, ya tambaye ta ko ta tabbata wurin ne. Ta ce, "In ba nan ba, kusa. Mai karɓa ya san wurin." Muna juya baya aka mai da san turkensa.

Bara, bayan rasuwar Kaka, aiki ya bi da ni ta Ilo. An sare tsamiyar, an zuba siminti inda tireloli ke lodin shanu, na zagaya na zagaya ban gane inda ta zauna ba. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Na raɓe a inuwar wata tirela na yi addu'ar, wannan karon ga mutum biyu.