Ƙwallon Raba-Gardama

Tun tana 'yar mitsitsiya muke kiran 'yar maƙwabciyata Raba-Gardama, don ko zakaru ta gani suna faɗa sai ta shiga tsakani. Ta yi karatu mai zurfi, ta samu aiki a wata ƙungiyar agaji. Yau tana wannan ƙasa, gobe tana waccan, wai sasanta garuruwan da suka yi rikici take yi. Ni da ban wuce firamare ba, abin da na gane shi ne aikinta hana manya zagin juna.

Bana ta zo hutu ta tarar da nata rikicin a ƙofar gida. Baba mai walda ya zuba tsakuwa gaban shagonsa ya toshe lambatu. Da an yi ruwa sai ya kwanta a ɗakin innarta, har katifa ta fara wari. Inna da Baba ko gaisuwa sun daina.

Na ce, "Raba-Gardama, ga shebur."

Ta ce, "Kawu, ba haka ake yi ba. Sai an saurari kowa."

Ta jera mana kujerun roba a zagaye, ta manna fararen takardu a bangona, ta fito da wani jan ƙwallo. Doka ɗaya ce: mai riƙe da ƙwallo shi kaɗai zai yi magana. Don nuna adalci, ta fara miƙa wa Baba.

Mutanen da ta saba da su, in sun gama sai su miƙa wa na gaba. Baba kuwa ya cusa shi a aljihu, ya faro labari daga ranar da ya kama shagon. Inna ta buɗe baki, ya daki aljihu: "Hajiya, dokar 'yarki ce."

Yana kan tarihin injinsa na farko ruwa ya ɓarke. Ya cika ƙofar Inna, ya juya ya nufi shagon, inda wayoyin walda ke zube a ƙasa.

Baba ya zabura: "Ina shebur ɗin nan?"

Tunda ƙwallo ba ya hannuna, sai na nuna aljihunsa. Ya wurgo mini ƙwallon har da harara, sannan na miƙa masa shebur.

Shi ya kwashe tsakuwarsa da hannunsa, Inna na riƙe masa lema tana mita, Raba-Gardama na cikin taɓo da takalmin ofis. Ruwa ya wuce, ya tafi da ƙwallon.

Yanzu katifar Inna ta bushe. Raba-Gardama ta ce za ta faɗa wa abokan aikinta al'umma ce ta warware matsalarta da kanta. Na ce to, amma kar ta manta da shebur ɗina.