Guntsin Ruwan Kakarmu

Jiya na fasa ƙwan da kaza ta bari a akurki, na tarar ɗan tsakon ya bushe, ya manne da ɓawo. Wallahi sai kakarmu ta faɗo mini a rai.

Ita kam in kaza ta yi kwanci da bazara, takan guntsi ruwa ta fesa wa yashin da ke ƙarƙashin ƙwayayen. Har yau ina jin ƙamshin yashin nan.

Shekarar yunwa rijiyarmu ta Gagarawa ta ja baya, ruwan sha ma da ludayi ake raba mana. Ran nan Baffa ya same ta durƙushe bakin akurki, kumatu a cike.

"Haba Inna! Leɓenki duk ya tsage, ƙwai kike shayarwa? Kawo a dafa wa yara."

Sai da ta fesa tukuna ta goge baki. "Ka cinye yau, gobe fa? Ni na sha rabona tun ba a haife ka ba."

Rabin ƙwayayen suka ƙyanƙyashe. Da 'yan tsakin suka tasa, sai Baffa ya kai su kasuwar Maigatari ya musanyo geron da muka shuka. Inna ba ta ga tsironsa ba.

Allah Ya jiƙanta, Ya shayar da ita daga tafkin Alkausara.