Kunyar da ta ci Yaya Idi a rijiya

Bana shekara tara ke nan da muka ciro yayana Idi daga rijiyar garkarsa ta albasa, a kwarin Galma. Har yau ba na bin wajen in da wata hanya.

Idi gwanin rijiya ne. Tun daga Karofane har Buza ana aiko masa, ya dubi ƙasa ya ce a haƙa nan, kuma a sami ruwa. Mutumin da ya shekara arba'in yana shiga rami yana fitowa, wa zai ce masa ga yadda ake yi?

Sai ruwa ya yi nisa, guga ta kasa. Mijin ɗiyarsa ta fari, Sani, ya dawo daga Abijan da injin ban-ruwa, ya kawo masa kyauta. To, kun san mu da kunyar suruki. Sani ya durƙusa nesa, kai a ƙasa, yana bayani ciki-ciki kamar mai karatun sallar azahar. Idi ya kau da kai yana kallon gero. Ina tsaye, na ji Sani ya ce kada a shiga rijiya in injin na aiki, hayaƙinsa na kisa. Idi bai ji ba, ko ya ji rabi. Ya ce, "Madalla, Allah shi yi albarka."

Da muka kaɗaita ya ce mini, "Mamman, icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi. Ni kaina ya bushe, ba ni iya wagga aba." Na yi dariya, na ce tsufa ne ya zo da gardama. Wallahi dariyar nan tana cina har gobe. Ban maimaita masa gargaɗin ba, don na ɗauka ya ji.

Tiyon da ke jawo ruwa bai kai ruwa ba, sai Idi ya zura injin cikin rijiya da igiya, ya tayar. Da ya ji injin yana tari, ya sauka dubawa, kamar yadda ya saba sauka rijiya dubu. Shi ke nan, hayaƙin ya gama da shi.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma wa dattijo zai tambaya? Yanzu duk wani sabon aiki a hannun ƙannenmu da surukanmu yake, mutanen da ba ma iya haɗa ido da su. Da Idi zai leƙo yau ya ga farantan hasken rana a garake, da kwalaben maganin feshi masu rubutun Faransanci, na san kai kawai zai gyaɗa, ba zai tambaya ba. Tsarana duka haka muke yi a taron malamin gona, kowa na tsoron a ce kansa ya toshe. Abin yana ba ni tsoro ƙwarai.

Rijiyoyinsa na nan, ana sha ana yi masa addu'a. Amma abin da ya fi daɗewa cikin gidanmu halinsa ne. Yau shekaruna sun kai nasa. Tsutsa ta faɗa wa albasata, na sayo magani a kasuwar Madawa, mai kanti ya faɗi awon da sauri, ban riƙe ba. Mutum ɗaya ne a unguwarmu ya san awonsa, kuma ɗiyata yake aure. Kwana uku ke nan ina wuce ƙofarsa, gobe kuwa dole in yi feshi.