Sahabi Kafinta da Daɓen Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya daga Bukkuyum cewa Sahabi kafinta ya rasu. Na kasa ko kuka saboda haushi.

Wanda bai san shi ba, abokina ne tun muna kamun kifi a gulbin Gummi. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, wallahi.

Tun da Innarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, da jan gindi take yawo. Ɗakinta daɓen katakon maɗaci ne da Babanmu ya sa tun da daɗewa, amma daga bakin ƙofa zuwa baranda siminti ne mai sanyi da kaushi. Sai ta daina fitowa gaba ɗaya. Tana jin hayaniyar jikokinta, ba ta ganinsu.

Ni tayil na so sawa in huta. Sahabi ya harare ni ya ce, "Tayil ga tsohuwa? Kai dai ba ka da kai." Shi ya ce zai kankare tsohon katakon, ya ƙara sabo har baranda.

Ga shi da hawan jini, likita ya tura shi babban asibiti a Gusau. Na ce ya je ya dawo tukuna, katako ba ya gudu. Ya ce, "In na ƙare aikin ga ni tahi."

Ya shimfiɗa sabon katakon har baranda, ya goge daɓen nan da injin, ya bi da sanfefa da hannu har ya yi sumul, saura folish kawai. Ya tara mutanen gida ya ja kunne: kada ɗigon ruwa ya taɓa shi.

Washegari Gwaggo Ige, ƙanwar Inna, ta zo gaisuwa daga ƙauye. Ta ga ƙurar katako, ta ce wace irin ƙazanta ce wannan. Ta ɗebo ruwa a kwano ta yayyafa ko'ina kamar yadda take wa tsakar gidanta, ta share tas. Har tana jira a yi mata sannu!

Katako ya sha ruwa, ya yi dabbare-dabbare, gashinsa duk ya tashi.

Na ce shi ke nan, a shafa folish a haka, ya wuce asibiti. Ya shafa tafin hannunsa a ƙasa ya ce, "Inna da jiki taka bin wurin ga, ba da takalmi ba. Sartse ka so ta yi?"

Ya jira ya bushe, ya sake gogewa daga farko. Ranar ganin likita ta wuce yana durƙushe.

Haɗuwarmu ta ƙarshe faɗa muka yi. Ya gama shafa folish, na ga yana dafe da ƙeya. Na ce gobe da kaina zan kai shi Gusau ko da ɗaure shi zan yi. Ya yi dariya ya ce bari ya leƙa iyali a Bukkuyum, kuma kada kowa ya taka sai ya bushe.

Haba Sahabi! Ka kula da fatar Inna, ka kasa kula da ranka. Ina jin haushinka, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Ɗazun nan Inna ta ja jikinta a kan sabon daɓen har baranda, ba wanda ya ɗauke ta. Tana zaune yanzu haka, yara sun kewaye ta. Ta ce in kira mata Sahabi ya zo ya ga ta fito.

Har yanzu ban faɗa mata ba.

Ya Allah ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a, ni ma a roƙa mini ƙarfin zuciyar da zan tunkari tsohuwar nan.