Ashe Ba Ni Nake Tsawo Ba, Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakata, mahaifiyar Mama, a gadon asibiti, bayan karayar ƙugu da ta samu a bakin ƙofar ɗakinta. Ko faɗuwar kirki ba ta yi ba, zama kawai ta yi da ƙarfi.

Kaka, ni ba mai magana ba ce, kin sani. Masu zuwa gaisuwa sun cika falo, na kasa cewa komai sai sunkuyar da kai. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini faɗa a kan littattafan soyayyata ba. In Mama ta taho, ki tura su ƙarƙashin matashinki, in ta fita ki ce, "To 'yar mafarki, ya aka ƙare? Shashashan saurayin ya dawo kuwa?" Ke kika ɗinke mini jakar makaranta, ke kike raka ni shago don na kasa buɗe baki in tambayi farashi.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasanmu na gaban madubi. Mu jingina baya da baya, mu ga wa ya fi tsawo. Ranar da na kamo ki, na yi tsalle. Ranar da na wuce ki, na zagaye gida ina shela, ina ce miki gajeruwa. Kina dariya, hannunki dafe da baya. Ban taɓa tambayar me ya sa kike dafe shi ba.

Sai da aka kai ki asibiti likita ta ce ƙashin bayanki ne ke zaizayewa yana lotsawa. Ashe ba ni kaɗai nake hawa ba, ke ce kike sauka, ni kuma ina tafi.

Likitar ta yi mana bayani: a cikin ƙashi akwai masu gini, akwai masu rushe tsoho. Masu rushewar suna aiki da wani sinadari, enzayim, kamar almakashi. Ta ce masana na gwada magungunan da za su dakushe almakashin, amma ba a gama tabbatar da su ba. Ta ba ki wanda ake da shi, ta ce da an zo da wuri da ya fi. Kika ce, "'Yata, ki ce musu su ɗaga ƙafa, gara ba ta jiran kafinta." Kowa ya yi dariya ban da ni. Ni ce nake auna ki. Ni ce na fara gani, ban gane ba.

A littattafaina, mai ceto yakan iso a shafin ƙarshe. Naki bai iso ba.

Shekaranjiya Mama ta tsaya kusa da ni tana gyara mayafi a madubin nan naki, sai na ga kafaɗata ta wuce tata. Ban yi tsalle ba, Kaka. Na riƙe hannunta, na ce mu je a duba ƙashinta. Ta dube ni ta daɗe, ta ce to.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka makwancinki. Ya ba Mama da Kawu da dukanmu haƙuri. Masu neman maganin nan, Allah ya sa su dace, ya iso wa kakar wata a kan lokaci. Amin.