Binciken da Yaya Ya Sa Ni a Kan Wani Ɗan Japan

Hoto ne ya ja mana. Wani hoto baƙi da fari, manne a bango saman gadon 'yar Yayana, a ɗan gidan da muke haya ni da ita a unguwar Fallowfield da ke Manchester. Namiji ne mai dogon gashi, ya rungume gita, yana kallon gefe kamar an ɓata masa rai. Kullum ina ganinsa idan na shiga shara, ban taɓa kawo komai a raina ba. Uwarta ce ta hango shi a waya suna hira ta bidiyo, kuma kafin la'asar Yaya ya kira ni daga Birmingham.

A lokacin ina shekara ta biyu a digiri na uku, ina binciken ƙasar noma a Manchester. Yaya kuwa likita ne, ya fi shekara ashirin a Birmingham. Da 'yarsa ta fari ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a jami'armu, da kansa ya kawo ta, ya sauke akwatunanta, ya dube ni ya ce, "To, ga amana nan." Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa yake kiranta Mamana.

"Wane ne mutumin da ke ɗakin Mamana?" Ko gaisawa ba mu gama ba.

Na ce, "Wane mutum, Yaya? Wallahi babu wanda ke shigo mana!"

"Na bango nake nufi. Ba ni ba ne, ba kakanta ba ne. Yarinya ta liƙa hoton namiji a kan gadonta, saura wa?"

Ni ma a gidan da ya tashi na tashi, don haka lissafin nasa ya shiga kaina. Ya ce shi ba zai tayar da hankali ba, zamani ne, amma a yi abu yadda ake yi. In bincika masa ɗan wane ne, mece ce sana'arsa, yaya halinsa, ina maganar addini. Ya ce kada in tambaye ta, kunya za ta ji. Wato binciken da ake tura kawunnai su yi a unguwar manemi, shi aka ɗora mini, ni kaɗai, a kan mutumin da ban ma san ƙasarsu ba.

Akwai suna a ƙasan hoton da ƙananan haruffa. Na kwafa a bayan hannuna, na je na buga a kwamfuta. Ɗan Japan ne. Sai dai abin da ya fito ya ruɗa ni, don mutum uku na gani. Ɗaya mawaƙi ne, yana tsalle a dandali da gita. Ɗaya marubucin littattafan hikaya ne, sanye da kwat, ana miƙa masa lambar yabo. Na ukun yana bayan kyamara da hular sanyi, yana nuna wa 'yan wasa inda za su tsaya. Na ce to, sunan ne ya yi musu yawa, kamar yadda za ka kira suna ɗaya a kasuwa mutum goma su waiwayo. Kwana biyu cur ina ƙoƙarin tantance wanne ne namu, har ina addu'a Allah ya sa marubucin ne, don shi ne zan iya kai wa Yaya ba tare da na sha faɗa ba. A rana ta uku na jera hotunan gefe da gefe. Hanci ɗaya ne, ashe mutum ɗaya ne.

Kai! Na tashi na zagaya ɗaki. Mu a wurinmu makaɗi ɗan makaɗi ne, mai rubutu malam ne, ɗan fim kuma ɗan fim ne, kuma ba ma tabarma ɗaya ake shimfiɗa musu ba. Wannan ya fara da kiɗa tun yana saurayi, ya koma rubutu har manyan ƙasarsu suka yaba, sannan ya ɗauki kyamara, kuma duk bai ajiye gitar ba. Idan ya yi sallama a ƙofar gidanmu, a ina za a zaunar da shi? Abu ɗaya dai ya tabbata: ya kusa sa'ar Yaya, yana can wata uwa duniya, kuma babu alamar ya san akwai wata yarinya a Fallowfield. Babu manemi. Da ina da wayo da a nan na tsaya.

Amma shegen son sani ya hana ni. Na ce bari in ari littafinsa ɗaya in ga me ke ciki. Shekarun nan ne da gwamnati ta matse bakin aljihu, komai ana yanke shi, ƙaramar hukuma ta rage ma'aikatan laburaren unguwarmu har sai 'yan sa-kai ke buɗewa. Na je ranar Alhamis da azahar, ana yayyafi, na tarar da ƙofa a kulle da sabuwar takarda: daga wannan makon kwana uku kawai za a riƙa buɗewa. Ina juyawa ina mita, sai na hango wata yarinya a rumfar jiran bas, ta takure, jaka a cinya, tana rubutu a littafi. Mayafin na fara ganewa, don nawa ne.

"Ke! Ba yanzu kuke ɗakin gwaji ba?"

Ta ɗago. Ba ta ma yi ƙoƙarin ƙarya ba. "Gwaggo, na bari."

"Kin bar me?"

"Kwas ɗin. Wata bakwai ke nan."

Na zauna a kan bencin nan mai sanyi. Wata bakwai! Kullum tare muke fita, tare muke hawa bas, in sauka in ce mata Allah ya ba da sa'a. Ashe zarcewa take, ta zagayo, ta shige laburare ta yini tana rubuta labarin fim. Da ba a rage kwanakin buɗewa ba, da har yau ina can ina mata addu'ar cin jarrabawa.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce mata munafuka, na ce ta mayar da ni sakarya. Ta bari na gama, sannan ta fara magana da Hausarta mai ɗingishi, rabi Turancin Birmingham. Ta ce tun makon farko ta san ba wurinta ba ne, idan ta shiga aji ji take kamar an rufe ta a firji. Ta ce mutumin hoton, lokacin da ya fara rubutu cewa aka yi mawaƙi ne, ina shi ina littafi, amma ya yi, kuma bai tsaya neman izinin kowa ba kafin ya koma fim.

"Ke kin je ƙasar tasu kin gani? Shi yana da uba irin naki?"

"Gwaggo, don Allah kada ki gaya wa Abba. Ki ba ni lokaci, zan faɗa masa da kaina."

"Yaushe?"

Ta sunkuyar da kai.

Mako biyu na yi da maganar nan a cikina kamar na haɗiye ƙashin kifi. Yaya ya ba ni amana, ita ma ta ba ni, kuma ba za su riƙu tare ba. Na ce ta kawo kayan mutumin in gani, ko zan gane abin da ya ɗauke mata hankali. Waƙar dai ihu na ji. Littafin na karanta shafi arba'in ban san wa ke son wa ba. Fim ɗin kuwa, mace da namiji ne suka zauna ba magana har na je na duba tukunya na dawo, suna nan yadda na bar su. Na ce, "Wai lalacewa ya yi?" Ta yi dariya, ta tsayar, ta shiga yi mini bayanin dalilin da ya sa aka bar kyamara a kan hannun matar maimakon fuskarta. Ban fahimci ko rabi ba. Amma shekara guda muna gida ɗaya, ban taɓa ganin yarinyar nan tana magana da hannu biyu ba sai ranar. Wannan ya ƙara dagula ni, don na fi son in tarar shirme ne, in huta.

Ranar Asabar Yaya ya ce in zo in ba da rahoto. Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham ban yanke shawarar komai ba. A gidansa da ke unguwar Small Heath matarsa ta yi tuwon shinkafa miyar taushe, su biyu suka sa ni a gaba. Na fara: ɗan Japan ne, ya kusa sa'arka, bai san ta ba, ba ta taɓa ganinsa ba. Matar ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Da na zo kan sana'a, Yaya ya ce, "Tsaya. Mawaƙi ne ko marubuci?"

"Duka. Da fim."

"To wanne ake rubuta masa a fasfo?" Ya yi dariya har da tari. Na daɗe ban ga ya saki jiki haka ba. Ya ɗauki cokali da kansa ya ƙara mini nama, abin da bai taɓa yi ba tun ina yarinya. "Kin kyauta. Na san ban yi kuskuren ba ki ita ba. Karatun dai lafiya ko?"

Na dubi naman. Kalma ɗaya ce, lafiya, kuma tana bakina. Sai na ji ina cewa, "Yaya, ta bari. Wata bakwai."

Na shirya wa tsawa, har na riƙe gefen tebur. Matarsa ta yi salati. Shi kuwa ya ajiye cokalin a hankali.

"Da safe ina take zuwa?"

"Laburare."

"Kullum?"

"Yanzu kwana uku suke buɗewa. Sauran kwanakin a rumfar bas take zama."

"A wannan sanyin?"

Na gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya riƙe, yana kallon tebur. Da ya yi magana, da ƙyar na ji muryarsa.

"Ashe haka take tsorona?"

Na so in ce a'a. Amma ni ma mako biyu na yi ina tsoronsa, kuma da ya ɗago ya dube ni, na ga ya gane.